Amsoshin Wasiƙunku: Kasuwancin da Ke Cewa Don Talaka Ya Fito

Tun da na yi ɗan tsokaci a wannan fili a kan kamfanonin da ke cewa ba riba kaɗai ta fito da su kasuwa ba, wasiƙu ba su yanke ba. Wasu godiya, wasu gyara, wani bawan Allah kuwa cewa ya yi na zama ɗan koren masu kuɗi. Na tsamo guda shida, na rage musu tsawo saboda fili. Ga wanda yau ya fara karanta ni, akanta ne ni, na yi shekara talatin da ɗoriya ina binciken littattafan kuɗi na kamfanoni da na ƙungiyoyin agaji kafin in ajiye aiki. Idan kun ga ina yawan komawa kan "wa zai biya?", ku yi mini uzuri, sana'a ce ta bar mini tabo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen tattalin arziki. An kawo mana darasi a kan kasuwanci don amfanin al'umma, amma har yanzu ban ga bambancinsa da kasuwancin da muka sani ba. Ai mai kantin magani ma yana amfanar al'umma. Ba tsohuwar sana'a aka yi wa sabon suna ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Sunan sabo ne, a nan kin yi gaskiya. Wani Ba'amurke, Bill Drayton, wanda ya kafa ƙungiyar Ashoka a 1980, yana cikin waɗanda suka yayata shi har ya shiga jami'o'i. Aikin kuwa ya girmi sunan nesa ba kusa ba. A 1844 wasu ma'aikata 28 a garin Rochdale na Ingila, da yawansu masaƙa, suka gaji da algus da tauye awo da masu kantuna ke yi musu, suka haɗa ɗan abin da ke hannunsu suka buɗe kantin haɗin gwiwa, rarar da aka samu a mayar wa masu saye.

Ni inda nake gane bambancin shi ne ranar da riba da manufa suka yi karo, kuma kowane kamfani yana da irin wannan rana. Mu ɗauki mai maganin naki. Ya lura cewa in ya rufe reshensa na ƙauye, inda cinikin bai taka kara ya karya ba, ya buɗe wani a birni, ribarsa za ta ninka. Ɗan kasuwa zai rufe, ban kuma ga laifinsa ba, abin da ya fito yi ke nan. Amma wanda ya ce don marasa lafiyar ƙauye ya kafa kamfanin, in ya rufe, ashe da ma talla ce. Ba a jawabin shugaba ake ganin wannan ba. A rahoton taron masu hannun jari ake gani, da shafin da ke nuna inda rarar shekara ta nufa. Muhammad Yunus na Bangladesh ya fi kowa tsaurara sharaɗi: a wurinsa mai zuba jari a irin wannan kamfani uwar kuɗinsa kawai zai karɓa, riba ta koma cikin aikin. Wasu suka ce in ba a bar mai jari ya ɗan lasa ba, wa zai kawo kuɗin? Har gobe ba a daidaita ba.

Tambayar da nake so ki kai wa malaminku ita ce: tunda ga agaji, me ya sa ma za a bi ta kasuwa? Amsar da aka saba bayarwa ita ce kuɗin agaji ƙarewa suke, na ciniki kuwa juyawa suke. Haka ne. Amma a wurina akwai dalilin da ya fi wannan nauyi. Mai saye yana iya cewa ba ya so. Wanda aka ba kyauta ba ya iyawa. Zai karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ajiye a bayan ɗaki, ke kuma ki rubuta a rahoto cewa mutum kaza sun amfana. Na karanta irin waɗannan rahotanni har idona ya gaji. Ciniki kuwa ba ya yi wa kowa kara, in kayan ba su yi ba littafin wata mai zuwa zai gaya miki. Ki duba M-Pesa, tsarin aika kuɗi ta wayar hannu. Da aka fara gwajinsa a Kenya, da tallafin kuɗi daga gwamnatin Birtaniya, an tsara shi ne don masu ƙananan basussuka su riƙa biya ta waya. Sai aka lura mutane sun mayar da shi hanyar aika wa 'yan'uwa kuɗi. Safaricom, kamfanin wayar da ke da tsarin, ba ta tsaya musu da su ba. Da ta ƙaddamar da shi a watan Maris na 2007, a kan aika kuɗi gida ta gina tallarta gaba ɗaya.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Abin da ke damuna shi ne karɓar kuɗi daga hannun wanda ba shi da shi. In da gaske ake son taimakon talaka, me ya hana a ba shi kyauta? A ganina babu tausayi a cin riba a kan mara lafiya.

AMSA: Malama, ban raina wannan damuwa taki ba, kuma kafin in gama za ki ga inda nake bayanki ɗari bisa ɗari. Amma bari in fara da abin da ba a cika lura da shi ba. Talaka yana biya tun kafin kowa ya zo taimakonsa, kuma sau da yawa shi ke biya da tsada fiye da kowa, domin kaɗan-kaɗan yake saye. Gidan da ba lantarki ai ba a duhu suke kwana ba. Kullum sai an sayi kananzir, a sayi batir, a biya mai cajin waya. Ki tara na shekara guda, kuɗi ne masu kauri, abin da aka samu kuma hayaƙi ne da hasken da ke sa yaro ƙanƙance ido a kan littafi. Wannan lissafin kamfanin M-KOPA ya yi, wanda aka kafa a Kenya a 2011. Tsarin da ya fara da shi shi ne a ba ka na'urar sola da fitilu da wurin caji, ka ba da ɗan kafin alƙalami, sauran ka riƙa biya kullum ta waya, kwatankwacin abin da da ma kake kashewa a kananzir. Bayan kamar shekara guda kayan sun zama naka. Tsohon nauyi aka karkatar, ba a ɗora sabo ba. Sai dai a faɗi gaskiya, akwai layin waya a cikin na'urar, ranar da ba ka biya ba daga nesa za a kashe maka wuta. Na sha tunanin daren da uwa ba ta da na biya, ga yaro ba lafiya. Masu irin wannan kamfani za su ce in ba da haka ba, ba wanda zai ba mara jingina bashi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Duk da haka abin bai taɓa kwanta mini gaba ɗaya ba.

Tunda a asibiti kike, ga wanda ya fi kusa da ke. Dakta Govindappa Venkataswamy likitan ido ne a kudancin Indiya. Ciwon gaɓoɓi ya lanƙwasa masa yatsu tun yana matashi, amma ya koya wa hannun nan riƙe wuƙar tiyata. Da ya yi ritaya daga aikin gwamnati yana da shekara 58, sai ya buɗe asibitin ido mai gado 11 a birnin Madurai a 1976, ya sa masa suna Aravind. Abin da ya sa a gaba shi ne yanar ido, wadda ke makantar da miliyoyin mutane alhali aikin cire ta bai kai rabin sa'a ba. Ya kalli yadda kamfanin sayar da abinci na McDonald's ke fitar da abu iri ɗaya a kan tsari ɗaya a kowane reshe, ya ce me zai hana a yi wa aikin ido haka.

Ki shiga ɗakin tiyatarsu a zuci. Likita ɗaya, gadaje biyu, na'urar ƙara girman gani a tsakiya a kan hannu mai juyawa. Yana aiki a kan na dama, ma'aikatan jinya sun riga sun kwantar da na hagu, sun wanke idon, sun lulluɓe fuskar, kayan aiki na jere. Yana gamawa sai ya juyo da na'urar kan na biyu, kafin ya gama wannan an sauke na farko an hau da wani. Duk aikin da ba dole sai likita ba an sauke masa, 'yan matan da asibitin ke ɗaukowa daga ƙauyuka ya horar su ke yi. Shi ya sa likitansu ɗaya kan yi aiki wajen 2,000 a shekara, ninkin ba ninkin abin da takwarorinsa ke yi a wasu asibitocin ƙasar. Mai hali ya biya ya samu ɗaki mai kyau, mara hali a yi masa kyauta ko a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba, likitocin kuma su ne dai, zagayawa suke tsakanin ɓangarorin biyu. Wajen rabin marasa lafiyar ba sa biyan cikakken kuɗi, asibitin kuma yana rufe shekara da rara. Da tsadar ɗan madubin da ake dasawa cikin ido ta tsaya musu a wuya, lokacin daga waje ake sayo shi a kan kusan dala 100, sai suka kafa masana'antarsu mai suna Aurolab a 1992, farashin ya faɗo ƙasa da dala 10. Kin ga a nan tausayi ne ya kafa asibitin, amma da tausayi kaɗai da har yanzu gadon 11 ne.

Yanzu ga inda nake bayanki. An daɗe ana cewa in ka ba mutum gidan sauro kyauta ba zai daraja shi ba, gara ya biya ko yaya ne. Magana ce mai daɗin ji, ni ma na sha faɗinta a taro. Wasu masu bincike biyu, Jessica Cohen da Pascaline Dupas, suka gwada a asibitocin awon ciki a yammacin Kenya, wasu wuraren kyauta, wasu a kan farashi mai rahusa ƙwarai. Da farashin ya kai santi 60 na dala, masu karɓa suka ragu da wajen kashi 60 cikin 100, waɗanda suka biya kuma ba su fi na kyauta rataya shi ba. Dalilin ba a ɓoye yake ba. Fitila daren nan za ka ga amfaninta. Ido gobe za a kwance maka bandeji ka ga jikanka. Gidan sauro kuwa me za ka gani? Zazzaɓin da bai zo ba. Mai hannu baka hannu ƙwarya ba zai fitar da kuɗin yau saboda ciwon da bai iso ba. Ga shi har maƙwabcin da bai saya ba yana cin moriya, domin maganin da ke jikin ragar yana kashe sauron. Irin wannan kaya a raba shi kyauta, a nemo mai biya a wani wuri.

TAMBAYA: Baba, ni matashi ne, na gama karatun injiniya. Ni da abokaina biyu mun tara ɗan jari. Muna so mu riƙa sayar da kaya ta intanet, duk wanda ya sayi ɗaya mu ba wani mabuƙaci ɗaya kyauta. Wace shawara za ka ba mu?

AMSA: Ɗana, Allah ya sa albarka a niyyar. Amma kafin ku taɓa jarin, ku zauna ku uku ku amsa wannan: tsakanin wanda ya saya da wanda aka ba, wa zai iya ɓata muku ciniki in bai ji daɗi ba? Na farko kaɗai. To kowane kamfani kunnensa yana wajen wanda zai iya ɓata masa ciniki, ko yana so ko ba ya so.

Kamfanin takalma na TOMS ne ya yi suna da wannan tsari. Blake Mycoskie ya kafa shi a 2006 bayan ya ga yara ba takalmi a Ajantina, kuma ya raba takalma miliyoyi. Kamfanin ya yarda aka yi bincike a El Salvador, aka tarar yaran suna sa takalman, suna son su, amma babu wani canji na a-zo-a-gani a rayuwarsu. A 2019 suka bar tsarin, suka koma ware kashi ɗaya cikin uku na riba don ayyukan agaji. Ban kawo su don kushe ba. Kamfanin da zai bari a auna shi, ya ji abin da ba ya so, ya kuma canza, ba su da yawa.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. A Afirka ta Kudu aka fito da wani famfo mai suna PlayPump. Lilo ne mai juyawa, yara na wasa a kai ruwa na hawa tanki, a jikin tankin a manna talla, kuɗin tallar a riƙa gyara da su. A takarda ba ka da ta cewa. A 2006 aka yi shelar tallafin dala miliyan 16.4 daga gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi. Ashe lilon sai an yi ta turawa, ba ya ɗaukar kansa kamar na wasa, yara su gaji su watse, a bar mata suna zagaye da ƙarfe. A wasu ƙauyukan Mozambik famfon hannu aka cire aka sa shi ba tare da an tambayi kowa ba, in ya lalace kuma a yi watanni ba mai gyara. Masu ba da kuɗin suna can nesa suna kallon hoton yara na dariya.

Bari in tona wa kaina asiri, kada ka ce na wasu kawai na iya faɗa. Shekarun baya ni da abokan aiki uku muka haɗa kuɗi muka shiga harkar murhu mai rage hayaƙi da cin itace. Hujjarmu mai ƙarfi ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗin cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe miliyoyin mutane kowace shekara. Wani injiniya irinka ya zana mana, aka gwada, ya tafasa ruwa da itace kaɗan har muka yi ta tafi. Wata ƙungiyar agaji ta saye kashin farko gaba ɗaya ta raba. Kuɗi suka shigo, ni akanta da hannuna na rubuta "ciniki" a littafi, muka ba da odar kashi na biyu da na uku.

Bayan wata shida na bi ma'aikacin ƙungiyar zagaye. A gidan farko matar gidan ta tarbe mu da fara'a, ta ce murhu kam madalla, Allah ya saka da alheri. Na ce a nuna mini shi. Ta ɗan yi jim, sannan ta kai ni bayan ɗaki. Ga shi nan fes, ko baƙin hayaƙi babu a bakinsa, kaza na kwance a ciki a kan ƙwai. Na tambayi dalili, ta ce ba komai. Sai da na nemi wuri na zauna, na mayar da biro aljihu, sannan ta buɗe baki. Bakin murhun ya yi wa tukunyarta kaɗan, ita kuwa mutum goma sha take ciyarwa. Ƙofar itacen ƙarama ce, sai an faskara shi ƙanana-ƙanana, wa ke da wannan lokacin? Kuma in ta sa ƙarfi tana juya tukunya, murhun rawa yake. Abu uku, babu wanda ba za a gyara cikin mako biyu ba da mun tambaya. Mu maza huɗu da injiniyanmu, ba wanda ya taɓa ɗora tukunya a wuta. Na ce to me ya hana ki gaya wa waɗanda suka kawo? Ta dube ni kamar na yi wauta, ta ce, "Malam, a kawo maka abu har gida kyauta ka ce bai yi ba?"

Kashi na biyu da na uku a sito suka yi tsatsa. Da tun farko a bakin kasuwa muka tsaya muka ce ta saya, ko a rabin kuɗi ne, da ta ɗaga shi ta duba bakinsa ta ajiye ta wuce, da a wuni ɗaya mun san abin da ya ci mana wata shida da jarinmu.

Saboda haka shawarata, ku nemi abin da wanda kuke son taimaka zai saya da kansa. Ku yi guda ashirin, ba dubu ba. Kada ku ƙirga nawa kuka raba, ku ƙirga nawa suka dawo ko suka turo maƙwabci. A littafinku kuɗin tallafi shafinsa daban, na ciniki daban, kada ku kuskura su haɗu kamar yadda na haɗa. Ku kuma rubuta wa kanku albashi ko da ba za ku ɗauka ba, domin kamfanin da ke tsaye kawai saboda mutum uku na aikin kyauta bai tsaya ba tukuna.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne. Na ji an ba Muhammad Yunus lambar Nobel saboda ba talakawa ƙananan basussuka, sai kuma na ji wasu na cewa wannan bashi ya jefa mutane cikin bala'i. Wanne ne gaskiya?

AMSA: Alhaji, duka biyun. Yunus a da malamin tattalin arziki ne a Jami'ar Chittagong. A 1976 ya shiga ƙauyen Jobra da ke kusa da jami'ar, ya tarar da mata masu yin kujerun gora suna karɓar kuɗin gorar daga dillali, bisa sharaɗin shi kaɗai za su sayar wa, a farashin da ya yanka. Ya sa aka ƙirga, mutum 42 ne, duka abin da ya ɗaure su dala 27 ne. Ya ciro daga aljihunsa ya ba su. Daga nan bankin Grameen ya samo asali, ya zama banki a hukumance a 1983: ba jingina, a haɗu mutum biyar-biyar, a riƙa biya mako-mako, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na masu karɓa mata ne. A 2006 aka ba shi da bankin lambar Nobel ta zaman lafiya.

Da aka ga talaka na biyan bashi, sai manyan masu jari suka shigo. A 2007 bankin Compartamos na Meziko ya sayar da hannun jari a kasuwa, masu shi suka kwashi dukiya, alhali kuɗin ruwan da yake ɗora wa mata ya haura kashi 80 cikin 100 a shekara. Yunus da kansa ya fito ya yi tir. A 2010 abin ya fashe a jihar Andhra Pradesh ta Indiya. Kamfanoni na rige-rigen ba da bashi, mace ɗaya ta karɓa a wuri uku ko huɗu, masu karɓar biya na tsaye a ƙofa, aka yi ta samun rahoton masu bashi da suka kashe kansu, har gwamnatin jihar ta kafa dokar da ta kusa tsayar da harkar cak. A 2015 aka fitar da sakamakon bincike shida daga Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko. A dunƙule: bashin ya ɗan faɗaɗa sana'ar wasu, ya ba mutane sarari wajen juya kuɗi, amma bai fitar da jama'a daga talauci kamar yadda aka yi ta shela ba.

A nan dole in yi wa maganata ta sama gyara. Na ce dawowar mai saye shaida ce. A harkar bashi ba kullum ba. Mutum na iya dawowa don ya ji daɗi, yana kuma iya dawowa don ya rasa mafita. In aka ce mini kusan kowa ya biya, ni tambayata ita ce da me ya biya, da ribar sana'a, ko da akuyar da ya sayar, ko da bashin da ya ciyo a wani wuri? Littafin banki ba ya nuna wannan.

TAMBAYA: Abokina, ni malamin makaranta ne mai ritaya, ina jin sa'anka ne. Ana ta cewa 'yan kasuwa za su magance matsalolin duniya. Annoba da ɗumamar yanayi fa? Wannan ba kallon kitse ake yi wa rogo ba?

AMSA: Malam, in su kaɗai ake nufi, rogo ne. Cutar agana da aka yi shelar kawar da ita daga duniya a 1980, gwamnatoci ne da Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatan rigakafi masu bin gida-gida suka yi aikin. Iskar firji da ta feshi da ke cinye rufin da ke kare mu daga zafin hasken rana, sai da ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987 sannan kamfanoni suka shiga tseren samar da madadi. Doka ce ta fara, kasuwa ta biyo.

Amma ga labarin da ke nuna inda ɗan kasuwa ke da wurin zama. A annobar sanƙarau ta 1996 zuwa 1997 a ƙasashen Sahel, sama da mutum 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka rasu. Ilimin yin rigakafi mai ɗorewa yana nan, amma manyan kamfanonin magani ba su ga riba a ciki ba. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shiri da dala miliyan 70 daga gidauniyar Bill da Melinda Gates. Abin da ya burge ni shi ne inda suka fara. Ba su ƙera allurar sannan suka sa mata kuɗi ba. Jami'an lafiya na ƙasashen suka fara tambaya nawa za su iya saye, aka tsaya a ƙasa da santi 50 na dala kowace allura, sannan aka shiga neman wanda zai yi a wannan farashi. Kamfanin Serum Institute da ke Pune a Indiya ya ce zai iya. A watan Disamba na 2010 aka fara yin allurar MenAfriVac a Burkina Faso, sai Mali da Nijar, kuma nau'in sanƙarau na A, wanda shi ne ke haddasa manyan annobar, ya kusa ɓacewa a duk inda aka yi ta. Kamfanin bai yi asara ba, ya yi abin da ya iya, wato ƙera abu mai yawa, mai inganci, da araha. Amma wanda aka yi wa allurar bai biya ko sisi ba. Gidauniya ta biya kuɗin bincike, ƙawancen samar da rigakafi na Gavi da gwamnatoci suka biya na saye da rabawa.

TAMBAYA: Kai dai ɗan koren masu kuɗi ne. Duk waɗannan kamfanoni da zarar mai su ya mutu ko ya sayar, manufar ta bi ruwa. Ka musa in ka isa.

AMSA: Ɗan'uwa, ba zan musa ba, yakan faru, kuma shi ya sa masu hankalin cikinsu ba sa dogara da kyawun zuciyar magada. A Birtaniya tun 2005 akwai nau'in rajistar kamfani na amfanin al'umma, wanda doka ta kulle kadarorinsa, ba a raba su ga masu hannun jari yadda aka ga dama, in an rushe shi kuma abin da ya rage wata ƙungiya mai irin manufar ake miƙa wa. A 2022 Yvon Chouinard, mai kamfanin tufafi na Patagonia, ya raba mallakar kamfaninsa biyu: kashi 2 cikin 100, masu ikon jefa ƙuri'a, ya damƙa wa wani kwamitin amintattu da zai tsare manufar, kashi 98 kuma ya ba wata ƙungiya da za ta riƙa kashe ribar a kan kare muhalli. Kamfanin da kake zargi, wanda ba ka faɗi sunansa ba, ka turo mini takardun rajistarsa. Shafin da ya yi maganar sayar da hannun jari da rabon riba nake son gani.